Tafiyar hutu da mota zuwa ƙetare tare da kare: Jagora ga matafiyi daga yankin Kura da Bunkure

Idan mota ta tsaya a bakin iyaka da kare a cikinta, matafiya uku jami'ai suke gani: mutum, da mota, da dabba. Kowannensu da takardunsa, kowannensu da ofishin da ke duba shi, kuma rashin takardar ɗaya ya isa ya mayar da sauran biyun gida. Fasfo da lasisi da inshora abubuwa ne da 'yan kasuwa da ma'aikata suka saba da su. Takardun kare kuwa su aka fi mantawa da su, alhali su ne suka fi cin lokaci, domin allurar rigakafi ba ta fara aiki a ranar da aka yi ta.

Wannan bayani ya tattaro abin da mai shirin irin wannan tafiya yake buƙatar sani. An ɗauki yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano a matsayin mafari, Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar kuma a matsayin zango mafi kusa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan tafiyar daga kan kare ake fara lissafi.

Mota mai ɗaki da asalinta

Mota mai ɗaki ita ce wadda aka shirya cikinta da gado, da wurin girki, da tankin ruwa, wani lokaci har da makewayi, ta yadda matafiyi zai kwana a cikinta ba sai ya nemi masauki ba. A Turai da Amurka ta zama hanyar yin hutu ga iyalai da waɗanda suka yi ritaya. Asalin al'adar ya girmi motar kanta. A 1885 wani likita ɗan Birtaniya, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa keken doki mai ɗaki, ya yi doguwar tafiya da shi daga kudancin Ingila zuwa arewacin tsibirin, karensa na tare da shi. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu irin wannan tafiya a Birtaniya, sannan a shekarun 1950 ƙaramar bas ta Volkswagen da aka mayar ɗaki ta yaɗa al'adar a tsakanin masu matsakaicin hali.

Kanawa ba baƙin ganin irin waɗannan motoci ba ne. A shekarun 1970 da 1980 Turawa masu ratsa Sahara sukan taso daga Aljeriya, su bi ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram, su sauka a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke titin Bompai a Kano. Rashin tsaro a hamada ne ya katse wannan zirga-zirgar.

A wajenmu, abin da ya fi kusa da mota mai ɗaki shi ne bas ƙirar Hiace, ko Sienna, ko Hilux mai rufi, wadda aka cire kujerun bayanta aka shimfiɗa katifa. Dokokin iyaka ba su bambanta ta da ta Turai ba.

Kura, Bunkure da hanyar arewa

Kura tana kan titin Kano zuwa Zariya, kimanin kilomita 30 daga birni. Ita da Bunkure da Garun Malam su ne cibiyar shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka fi sani da Kadawa. Ruwan yana fitowa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya bi ta Ruwan Kanya ya shiga manyan magudanai, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara su ne arzikin yankin.

Tun kafin a gina madatsar, Kura tana da hanya zuwa arewa. Rawanin ɗan Kura, mai shuɗin baba da sheƙin bugu, ya daɗe yana isa hannun Buzaye a Agadas da ƙasar Azbin, kuma har yanzu akwai gidajen da ke da abokan ciniki da dangi a Maraɗi da Damagaram. Saboda haka mutumin Kura ko Bunkure da ya ɗauki iyalinsa zuwa Nijar hutu, tsohuwar hanyar fatake ya bi. Kare ma ba baƙo ba ne a yankin: manoma na ajiye shi don gadin injin ban-ruwa da rumbu da garke, mafarauta na fita da shi bayan kaka, wasu mazauna birni masu gona a can kuma suna kiwon karnukan gadi na ƙasashen waje masu tsada, waɗanda ba sa son barinsu a hannun kowa.

Zaɓen lokaci

Watannin Disamba da Janairu su ne mafi dacewa. Sanyin hunturu yana sauƙaƙa wa injin mota da kare, hanyoyin ƙasa sun bushe, yara suna hutu, ma'aikata kuma sukan ɗauki hutun ƙarshen shekara. A daidai wannan lokacin Nijar ta saba gudanar da gasar kokawar gargajiya ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ake kuma zagayawa da ita tsakanin jihohin ƙasar takwas. Illar lokacin ita ce hazo, wanda ke rage gani a kan titi da safe da yamma.

Sai dai ga mai gona a Kadawa, lokacin nan ne aiki ya fi yawa. Ana shuka alkama a Nuwamba a girbe ta wajen Maris zuwa Afrilu, tumatir kuma yana fara shiga kasuwar Kwanar Gafan daga Janairu. Wanda zai yi tafiya a tsakanin nan sai ya bar amintaccen mutum da zai riƙa karɓar ruwa a ranakun da aka sako wa ɓangarensu, domin alkamar da ta rasa ban-ruwa lokacin fitar da kai ba ta farfaɗowa.

Watannin Afrilu da Mayu kuwa, ko da yake an gama girbi, su ne mafi haɗari ga kare. Zafi a Damagaram da Maraɗi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Da damina kuma hanyoyin ƙauye kan yanke, kaska da sauro su yawaita.

Takardun mutum

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa mamba damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba har tsawon kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma ɓangarorin biyu sun sanar da cewa za a ci gaba da shige da fice ba biza. Duk da haka bincike a iyaka ya ƙara tsanani, don haka fasfon ƙasa da ƙasa wanda wa'adinsa ya rage aƙalla wata shida shi ne abin dogaro, ga kowane mutum a motar har da yara. A tabbatar an buga hatimin fita da na shiga. Hatimin da aka tsallake a iyaka yakan zama matsala a shingen jandarma na cikin ƙasa.

Takarda ta biyu ita ce katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira katin ɗorawa. Yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta isa har abada. Kano da kudancin Nijar duk suna cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla da rani, saboda haka rigakafinsa ma yana da amfani. Mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga ya ɗauki abin da zai ishe shi tare da takardar likita.

Takardun mota

Ana buƙatar shaidar mallaka, da lasisin mota na shekara, da takardar ingancin hawa titi, da lasisin direba. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa yana sauƙaƙa magana da jami'an da suka saba da takardun Faransanci. Lambar inji da ta jikin mota dole su yi daidai da abin da ke rubuce. Idan motar ba da sunan direba take ba, a riƙe takardar izini daga mai ita. Ma'aikacin gwamnati kuma ya sani cewa motar ofis ba ta tsallaka iyaka sai da izini a rubuce.

Inshorar da ke aiki a ƙasashen yankin ita ce katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa da yarjejeniyar Kwatano ta 1982 domin biyan ɓarnar da baƙuwar mota ta yi wa wani. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida Naira 15,000, ta kuma haɗa wannan katin a ciki. Mai tafiya ya je kamfanin inshorarsa ya karɓi katin a hannu, ya sa a nuna masa a rubuce ƙasashen da ya ƙunsa. Takardar inshorar bogi da ake saya a bakin ofishin lasisi ba ta biyan ko sisi.

A ɓangaren Nijar, jami'an kwastam, waɗanda ake kira duwan, suna bayar da takardar shigar da mota ta wucin gadi mai ƙayyadadden wa'adi. A duba ranar ƙarewarta, a adana ta, a mayar da ita ranar fita, domin ita ce shaidar cewa ba a sayar da motar a can ba. Ƙasashen biyu duk a hannun dama ake tuƙi, tun da Najeriya ta sauya a 1972.

Takardun kare

Dalilin tsananta wa kare a iyakokin duniya shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan duk ta hanyar cizon kare. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Cutar kan ɓuya a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, saboda haka ganin kare da ƙoshin lafiya ba hujja ba ce. Najeriya da Nijar duk suna cikin ƙasashen da cutar ke nan daram.

Matakan su ne kamar haka:

Na farko, allurar rigakafin haukan kare. Ana yi wa karen da ya kai wata uku, kuma ƙa'idar da ƙasashe da dama ke bi ita ce a jira aƙalla kwana 21 bayan allurar farko, wasu kuma kwana 30. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa wannan rigakafin, akwai kuma na ƙasashen waje. A yi ta a wurin likitan dabbobi mai rajista, kamar asibitin dabbobi na Gwale a Kano ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Rigakafin da ya kwana a shago ba sanyi ba shi da amfani.

Na biyu, katin rigakafi mai ɗauke da sunan mai kare, da kamannin karen, da jinsinsa, da shekarunsa, da ranar allura, da lambar kwalbar maganin, da sa hannu da hatimin likita. A nan ne ake rubuta sauran alluran, musamman ta cutar gudawa mai jini da ke kashe 'yan kwikwiyo.

Na uku, takardar shaidar lafiya ta ƙasa da ƙasa, wadda likitan gwamnati ke bayarwa bayan ya duba karen. Wa'adinta gajere ne, don haka a cikin kwana 10 na ƙarshe kafin tashi ake karɓar ta.

Na huɗu, izinin fitar da dabba da na dawo da ita, daga ofishin Babban Likitan Dabbobi na Tarayya. Jami'an hukumar NAQS, mai kula da shige da ficen dabbobi da tsirrai, su ne ke duba su a iyaka. Mutane da yawa kan nemi izinin fita su manta da na dawowa, alhali a idon doka karen da ya kwana a Maraɗi shigo da shi ake yi.

Yana da kyau a sa wa karen 'yar ƙwayar shaida mai lamba 15, wadda girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ake cusawa ƙarƙashin fatar wuya a karanta da na'ura. Ita ce ke tabbatar da cewa takardun na wannan karen ne. A kuma yi kwafi biyu na kowace takarda, a ɗauki hotonsu a waya, a nemi wanda zai fassara muhimman bayanan zuwa Faransanci. Ko da yake Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, aikin ofis da Faransanci aka fi yin sa.

Idan tafiyar ta Turai ce ko Amurka

Wanda zai hau jirgi ya yi hayar mota mai ɗaki a can, shirinsa ya fi tsawo. Tarayyar Turai tana buƙatar a fara sa ƙwayar shaida kafin allura. Bayan kwana 30 da allurar sai a ɗebi jini a aika ɗakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi, a tabbatar garkuwar jikin karen ta kai ma'aunin 0.5. Daga ranar ɗibar jinin sai a jira wata uku. Jimilla wata huɗu ke nan, idan komai ya tafi daidai. Birtaniya ta ƙara da maganin tsutsar ciki, wanda likita zai bayar tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin shiga. Amurka kuwa, daga 1 ga Agustan 2024, ba ta karɓar karen da bai kai wata shida ba, kuma wanda aka yi wa allura a ƙasa irin Najeriya sai ta wasu keɓaɓɓun filayen jirgi zai shiga. Lasisin ƙaramar mota a Turai ya tsaya ne a kan nauyin kilo 3,500, kuma ba kowane kamfanin haya ke yarda a sa dabba a motarsa ba.

Hanyoyi daga Kano

Hanyar Damagaram ta bi ta Kazaure da Daura zuwa iyakar Kwangwalam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, ta wuce Matamaye ta haɗu da babban titin Nijar a Takeita. Tsawonta kimanin kilomita 240 ne daga Kano, wato kusan 270 daga Kura. Damagaram ita ce hedikwatar Nijar ta mulkin mallaka kafin a koma Yamai a 1926, kuma fadar Sarki da tsohuwar unguwar Birni mai gine-ginen ƙasa da zanen dagi sun cancanci ziyara.

Hanyar Maraɗi ta bi ta Katsina, kimanin kilomita 170, sannan Jibiya da Ɗan Isa, ƙarin kusan kilomita 90. Kusa da Maraɗi akwai tafkin Madarumfa. Yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, don haka ba a bin sa sai da rana tsaka kuma bayan an ji halin da ake ciki. Hanya ta uku ta bi ta Gumel zuwa Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis. A wannan ranar cunkoso yana yawa, kuma kare a tsakiyar raƙuma da tumaki fitina ne.

Iyaka kan rufe ba shiri. An rufe ta a Agustan 2019, aka buɗe Maigatari da Illela a Disambar 2020, Jibiya kuma sai Afrilun 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Matambayi ba ya ɓata: direbobin tashar Nijar da 'yan kasuwar Dawanau sun fi kowa sanin halin hanya a wannan makon. A guji hanyoyin fasa-ƙwauri komai sauƙinsu, a kuma tsara isa iyaka da hantsi, lokacin da duk ofisoshi ke buɗe.

Shirya motar

Bakanike ya duba birki, da lagireto, da fanbel, da batir, da na'urar sanyaya mota. A riƙe safayar taya biyu, da jak, da famfon iska, da igiyar ja, da abin kashe gobara, da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Ruwan sha ya kai aƙalla lita biyar ga kowane mutum a rana, ban da na girki da na alwala. A cika tanki tun a Kano ko Daura, amma kada a tara jarkokin fetur, domin kwastam na ɗaukar su a matsayin fasa-ƙwauri.

Girki a waje ake yi. Risho ko tukunyar gas ko garwashi a cikin rufaffiyar mota suna fitar da iskar da ba ta da wari, wadda ke kashe mai barci. Haka ma kwana da inji a kunne. Fitila mai amfani da hasken rana, da gidan sauro, da tabarma sun wadatar.

Wurin kare shi ne keji mai iska, wanda zai iya miƙewa ya juya a ciki, a ɗaure shi da jikin mota. Karen da ke sake a mota yana raba hankalin direba, kuma idan aka taka birki da ƙarfi yakan zama abin jifa. Ɗaure shi da igiya a buɗaɗɗen bayan Hilux na iya shaƙe shi. Karen gona da bai taɓa shiga mota ba sai an koya masa: a fara da gajeruwar tafiya, sannan a yi gwajin kwana ɗaya zuwa Tiga ko Bagauda da cikakken kaya. Abin da aka manta a nan zai bayyana.

Kula da kare a hanya

Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne, idan ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari. A cikin motar da aka ajiye a rana, zafi kan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10, kuma sauke gilashi kaɗan ba ya hanawa. Layin iyaka na iya ɗaukar awa biyu, saboda haka mutum ɗaya ya fita da karen zuwa inuwa yayin da ɗayan ke bin ofisoshi. Alamun bugun zafi su ne haki mai tsanani, da dalalar yawu, da tangaɗi. A jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a nemi likita.

Kare mai kilo 20 yana shan lita ɗaya ko fiye a rana, da zafi kuma ninki biyu. A tsaya duk bayan awa biyu ya sha ruwa ya zaga, kullum da sarƙa a wuyansa. A ciyar da shi awa uku kafin tashi don gudun amai, a kuma tafi da abincin da ya saba. Albasa da tafarnuwa da goro da cakulan da zabibi guba ne gare shi, haka ma magungunan ciwon kai na mutane. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji.

Karen da ya taso a bakin magudanan Kadawa yakan ɗauki kaska da ƙuma da tsutsar ciki. A yi masa maganinsu mako guda kafin tafiya, a sake bayan dawowa. A hana shi cuɗanya da karnukan kan titi, a sa masa takunkumi a wurin taro. Idan ya ciji mutum, ko wani kare ya ciji ɗan tafiya, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura, a kuma sa ido a kan karen na kwana 10.

Masauki da zama da jama'a

Babu sansanonin kwana na motoci irin na Turai a wannan yanki, kuma kwana a daji ba shawara ba ce. Abin da ya dace shi ne harabar masauki mai katanga, ko ƙofar gidan mai masauki, ko wurin da mai gari ya nuna bayan an je an gaishe shi. Zango a kusa da barikin soja ko ɗaukar hoton shingen jami'ai yana jawo tuhuma.

A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, ba a ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin najasa, kuma malamai sun halatta ajiye shi don farauta da gadin gona da dabbobi. Amma a al'ada kare ba ya shiga ɗaki, ba ya hawa tabarma, ba ya kusantar kwanon abinci. Baƙon da zai zo da kare ya sanar da mai masaukinsa tun kafin ya taso, ya keɓe masa kwanonsa, ya ɗaure shi nesa da masallaci da rijiya da turken dabbobi. Idan ya kashe kaza ko ya raunata akuya, biya ya wajaba a kan mai shi.

Kuɗi

Kuɗin Nijar saifa ne, kuma lissafin kasuwa da dala ake yi: dala ɗaya tana daidai da saifa 5, don haka dala ashirin saifa 100 ce, jaka guda kuma saifa 1,000. Wanda bai san wannan ba zai ruɗe a ciniki. A yi canji a Wapa ko a bakin iyaka, a riƙe ƙananan kuɗi don harajin titi, a karɓi rasit a kan duk abin da aka biya. Katin bankin Naira ba abin dogaro ba ne a can.

Jadawalin shiri

Wata huɗu kafin tafiya: ƙwayar shaida, allura da gwajin jini, ga mai zuwa Turai. Mako shida: allurar haukan kare, sabunta fasfo, katin ɗorawa, neman izinin fita da dawowa. Mako uku: gyaran mota, katin inshora, gwajin kwana ɗaya. Kwana 10: takardar lafiyar kare, maganin kaska da tsutsa. Jajibiri: tambayar halin hanya, canjin kuɗi, sanar da dangi hanyar da za a bi da ranar dawowa.

Karen da ya kamata a bari a gida

Ɗan kwikwiyon da bai kai wata uku ba, da karya mai ciki, da tsohon kare, da mai tarihin cizo, da irin karnukan ƙasashen waje masu gajeren hanci da ke shan wuyar numfashi, duk ba su dace da wannan tafiya ba. Karen gadi kuma akwai abin dubawa a kansa: idan ya tafi Damagaram, wa zai tsare injin ban-ruwa da buhunan da ke rumbu? Sau da yawa barin sa a hannun mai gadin da ya saba da shi, tare da abincin mako biyu, ya fi sauƙi ga kowa.

Wanda ya yanke shawarar tafiya da shi kuwa, ya fara da zuwa wurin likitan dabbobi, ya ƙirga kwanakin jira, sannan ya sa ranar tashi. Bayan dawowa a sake kai karen a duba shi, a ware shi daga sauran dabbobin gida na 'yan kwanaki, a kuma rubuta ranar allura ta gaba a jikin katinsa. Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da kowa lafiya.